Filin da Inna Ta Zaɓa a Katagum

Azare,
Jihar Bauchi.

Zuwa ga Yayana Zarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kai da Yaya Dijatu da 'yarmu Hanan. Allah ya kare ku daga sharrin baƙunta, ya buɗa maka a sana'arka ta ɗinki, ya sa mutanen Injamina su ci gaba da riƙe ku da mutunci kamar yadda kake gaya mana. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa mu ma in tamu ta zo mu cika da imani.

Mu nan duk muna lafiya, sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta daidai gwargwado, illa dai gwiwoyin nan da suke damunta in ta daɗe a zaune, ga idonta na hagu ya fara yin hazo, har ta daina saka zare a allura da kanta. Amma bakinta yana nan yadda ka san shi, ba ta raga wa kowa. Maigidana Babagana yana nan a rumfarsa ta tattasai a kasuwa, bana kaya sun yi kyau. 'Yarmu Radiyya ta shiga sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, kuma duk wanda ya san ka in ya gan ta sai ya ce goshinka ne ta ɗauko. Ƙanwarta Khadijatul Kubra kuwa ta kai izu goma, ba ta da aiki sai gyara wa kakarta karatu, su yi ta faɗa suna shiryawa. Autarmu Gumsu an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa asibitin garin Katagum, sun tare can tun bayan Babbar Sallah, kuma tana da tsohon ciki, muna jiran saukarta kowane lokaci. Ka sa ta a addu'a.

Yaya, za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne in na kira ka, kafin mu gama gaisuwa layi ya yanke, in kuma bai yanke ba, da zarar na ɗauko zancen zuwanka sai ka ce a ba Inna ku gaisa. Takarda kuwa ba ta yankewa. Malam Muslim mai safarar busasshen kifi zai bi ta Gamboru, ya yi mini alkawarin zai damƙa ta a hannunka. Kuma na ji an kai maka labari cewa ƙanwarka ta zama dillaliya, tana yawo cikin maza daga wannan unguwa zuwa waccan. Labarin gaskiya ne, amma gara ka ji shi daga bakina, domin wanda ya kai maka ya ɗauki kan ya bar gangar jikin. Kuma akwai wata magana a ƙarshensa wadda ta fi shi nauyi.

Ban taɓa ba ka labarin isowarmu Azare yadda ya kamata ba. Ranar da tashin hankali ya watsa garinmu, kai ka haye kogi ka yi arewa har daga baya ka ƙare a Injamina, mu kuma muka yo yamma da Baba da Inna da Gumsu da Babagana, ni ga goyon Radiyya. Da muka iso nan, masauki ya gagare mu. Ba wai babu ɗakunan haya ba ne, akwai su. Amma da mai gida ya ji harshen Baba, ya tambayi daga ina muke, sai ya ce ai jiya-jiyan nan aka kama ɗakin. Ba na riƙe su a zuci, tsoro ne ya cika ƙasa a lokacin, kowa yana gudun abin da bai sani ba. Sai dai ba zan manta yadda Baba yake cire hularsa yana share gumi a ƙofar gidajen mutane ba, mutumin da zaurensa bai taɓa rasa baƙo ba. Wadda ta buɗe mana ƙofa wata Bayarabiya ce mai sayar da kwanuka da robobi a kasuwa, ana ce mata Mama Iyabo. Ta gan mu zaune a gindin katangar masallaci, ta tsaya ta dubi Inna, ta ce mu taso. Ta ba mu ɗakuna biyu a gidanta, ta ce ita ma da ƙullin kaya ɗaya ta sauka a garin nan tana amarya. A ɗaya daga cikin ɗakunan nan Baba ya cika, kuma mijinta, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

To daga nan sana'ar ta samo asali, ba tare da na san sana'a ce ba. Bayan mun ɗan zauna da gindinmu mun kama namu gidan haya, mutanenmu suka ci gaba da zuwa, daga Gaidam, daga Gashuwa, daga ƙauyukan bakin kogi. Duk wanda ya sauka sai a ce ya nemi Ya Fanna, ta san gari. Ni kuwa na saba shiga gidaje ina sayar da turaren wuta da humra, don haka na san inda za a tashi, na san inda aka aurar da ɗa ɗaki ya zama fanko, na san tsohuwar da take son 'yan haya masu yara don su ɗebe mata kewa. Sai in je in tsaya wa mutum, in ce na san iyayensa. Na daɗe ina yin haka don Allah. Wata rana wani dattijon dillali, Alhaji Gali, wanda yake da ɗan shago kusa da tasha, ya aiko a kira Babagana. Ya ce masa gida uku ke nan yana zuwa da mai haya ya tarar matarsa ta riga shi, don haka ko dai ta bar masa sana'arsa ko ta zo ta koya da kyau su yi tare. Babagana ya dawo yana dariya, ya ce shi ya amince in ni na amince.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Ashe samar wa mutum ɗaki daban, sayar da gida ko fili daban. Alhaji Gali ya koya mini cewa kafin in kai kowa ya ga fili, sai na je wurin mai unguwa na ji tarihinsa, na tambayi maƙwabta ta gabas da ta yamma inda iyaka ta tsaya, na tabbata in na gado ne duk magada sun yarda, har matan da suke aure a wasu garuruwa. Ya koya mini bambancin filin awon igiya da wanda yake da takardar gwamnati, da yadda ake zuwa ofishin ƙasa a bincika. Ya ce in ina son sanin gaskiyar fili in je masa washegarin ruwan sama, ba ranar da ƙasa ta bushe ba. Ni kuma abin da na kawo masa shi ne cikin gida. Namiji iyakarsa zaure, ni kuwa ina shiga har madafi, in ga inda kwata take bi, in ji daga bakin matan gidan wane ɗaki ne yake yoyo. Kuma matar mai saye takan gaya mini abin da ba za ta faɗa a gaban mijinta ba. An yi ta surutu da farko. Akwai dillalan da in na iso inuwar da suke zama sai hira ta mutu. Akwai wanda ya taɓa cewa a gabana wai mace in ta fara auna fili to gidanta ya gagare ta. Na dawo na yi kuka a ɗaki, Babagana ya bar ni na gama, sannan ya ce gobe shi zai kai ni a babur har ƙofar shagon don kowa ya ga da saninsa nake fita. Haka ya yi ta yi har bakuna suka gaji. Yanzu wasu daga cikinsu su suke aiko matansu wurina.

Inna ce kaɗai ba ta taɓa yabon sana'ar ba, ba ta kuma hana ni ba. Sau da yawa in na sami ɗan fili mai sauƙi nakan ce mata mu haɗa ƙarfi mu saya, ko ɗaki ɗaya ne a gina mata nata na kanta. Sai ta ce ita tana da gida, gidanta yana can bakin kogi, baƙo kuma ba ya gini a masauki. Kowace shekara in damina ta wuce sai ta ce baɗi war haka muna gida. Na daina yi mata musu, domin ni ma, Yaya, abin yana raina. Babu abin da yake tayar mini da shi kamar shiga gidan da aka kwashe kaya. In na buɗe ƙofa na ga shatin gado a ƙasa, da baƙin hayaƙi a bangon madafi, da ƙusar da aka rataye wani abu a jiki, sai in tsaya in kasa motsi. Sai in ga tsakar gidanmu, barkonon Baba a shanye ja wur har bakin rumbu, kana zaune a kan turmi kana gyaran koma, Inna tana yi maka faɗa ka tashi mata a kan turmi. Ina tambayar kaina ko wa ya shiga namu bayan mun fita, ko ya tsaya ya dubi bangon. Sai mai saye ya yi gyaran murya a waje, in share ido in fito in fara yi masa bayanin ɗakuna.

Ana nan, gab da faɗuwar damina, Mama Iyabo ta aiko in je. Tun rasuwar mijinta ciwon suga ya sa ta gaba, 'ya'yanta kuma duk suna Ibadan. Babban ɗanta Olusegun ya zo ya ce ba za su bar ta ita kaɗai ba, a sayar da gidan ta koma wurinsu. Ta ce ta yarda ba don tana so ba, kuma ba wanda zai sayar mata da shi sai ni. Wannan shi ne babban aiki na farko da aka damƙa mini ni kaɗai, ba ta hannun Alhaji Gali ba. Sai dai ta kafa sharaɗi. A tsakar gidan akwai rijiya mai daɗin ruwa wadda ba ta ƙafewa ko da bazara, kuma duk layin nan daga ita suke sha tun kafin a haifi Olusegun. Ƙofar gidan ba a rufe ta da rana saboda masu ɗiba. Ta ce ba za ta sallama wa wanda zai toshe wa maƙwabta ruwa ba, ko nawa ya taya.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, ashe ba haka ba. Gidan yana kusa da titi, don haka masu son sa suka yi yawa, amma kusan kowa so yake ya rushe ya zuba shaguna. Wani ya ce ai famfon burtsatse zai haƙa, rijiya kuwa cike ta zai yi. Wani ya ce ya yarda da sharaɗin, amma da na bincika a unguwar da ya taɓa sayen gida, sai na ji yadda ya yi da maƙwabtansa, na koma na gaya wa Mama abin da na ji, ta ce a ba shi haƙuri. Olusegun ya fara kira daga Ibadan yana faɗa. Ban ga laifinsa ba, uwarsa ce ba lafiya, yana son ta kusa da shi da likitanta. Ya ce in na kasa in faɗa, akwai dillalai maza da za su gama cinikin cikin mako. Na je wurin Alhaji Gali raina a jagule. Ya ce in sani, abin da aka sayar ya sayu, ko an rubuta zancen rijiya a takarda ba wanda zai tsare ƙofar mutum ya hana shi rufewa, don haka ba takarda zan nema ba, mutum zan nema. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa in aikin nan ya kuɓuce mini, za a daɗe ana ba da labarinsa a inuwar dillalai. Damina ta yi nisa ina ta kai mutane ina dawowa da su. Har na fara tunanin in je in ce wa Mama ta ba wani.

Sai Allah ya kawo wani Bafulatani mai kiwo daga Udubo, Alhaji Jauro, yana neman gidan da iyalinsa za su zauna saboda karatun yaransa. Shi bai ma nuna sha'awa ba da farko, ya ce gidan ya tsufa. Matarsa ce muka shiga ciki tare, muka tarar da mata a bakin rijiya ana ta ja da guga ana hira. Ta tsaya ta sha ruwan, ta ce mini ita abin da take tsoro a birni shi ne a kulle ta a gida ba ta ganin kowa, amma gidan da mata suke shigowa da ƙafarsu kullum, ai ba za ta yi kewa ba. Da na gaya wa Alhajin sharaɗin, sai ya dube ni kamar na faɗi abin mamaki. Ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana roƙon a bar shanunsa su sha a rijiyoyin mutane, da wane ido zai hana ɗan Adam ruwa. Ya ce ma zai fasa ƙaramar ƙofa ta gefen lungu daidai rijiyar, don masu ɗiba su huta da zagaye. Abin da ya taya bai kai na masu shaguna ba, na kuma gaya wa Olusegun haka ƙarara ban ɓoye masa ba. Ya ce a yi abin da uwarsa take so. Aka taru a zauren mai unguwa da shaidu, Mama ta sallama, aka shafa fatiha.

Ranar tafiyarta, Yaya, ban taɓa ganin layin nan ya cika haka ba. Motar kaya tana tsaye tun hantsi amma an kasa tashi. Mama Iyabo ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana dafa bango. Inna, wadda ba ta cika fita ba, ta sa na kai ta. Suka zauna a kan tabarma a ƙofar ɗakin da Baba ya rasu, suka riƙe hannun juna. Mama tana kuka tana cewa 'ya'yanta suna ta murna wai za su kai ta gida, alhali ita yau ake raba ta da gida. Ta ce a can ba ta san kowa ba sai 'ya'yan cikinta, ƙawayenta na ƙuruciya sun mutu, ko hanyar kasuwa ba za ta gane ba. Ta ce ta yi shekaru tana cewa wata rana za ta koma, ba ta ankara ba ashe ta riga ta isa. Ta roƙi Babagana in ya je ziyarar kabarin Baba ya riƙa tsayawa a na mijinta, tunda ba nisa tsakaninsu. Inna ta ciro ƙullin turaren wutan da ta haɗa da hannunta ta sa mata a jaka. Da motar ta tashi, Mama ta leƙo tana ɗaga hannu har suka sha kwana.

Bayan nan Inna ta yi kwanaki ba ta da walwala. Ba ta faɗa, ba ta tsokanar jikokinta, abinci ma sai an matsa mata. Ana cikin haka Alhaji Gali ya ce in je Katagum in gana da wasu mata magada da suke son sayar da filayen mahaifinsu, tunda shi ba zai shiga wurinsu ba. Na ce wa Inna ta zo mu je ta ga Gumsu, ban sa rai za ta yarda ba, sai ga ta ta ɗauko mayafi. Da na gama da matan, mijin Gumsu ya ce bari ya kai mu mu ga kogi, don ruwa bai gama janyewa ba. Muka tsaya a gaɓa. Masunta suna ta harkarsu, ga jiragen kwale-kwale, ga warin ɗanyen kifi da laka, ga fadama an fara gyaran lambuna. Na ga Inna ta buɗe hanci tana shaƙa. Ta tambayi wani tsohon masunci da yake ɗinkin koma ina ruwan nan ya nufa. Ya ce gabas yake yi, ya haɗu da wani a gaba, ya wuce ta Gashuwa da Gaidam, ya bi ta ƙasar Damasak har ya faɗa tafkin Chadi. Inna ta sa ya maimaita. Sai ta cire takalmi, ta kama hannuna muka gangara, gwiwoyin nan da take kuka da su ko tunawa da su ba ta yi ba. Ta tsuguna ta yi alwala, ta daɗe hannunta yana cikin ruwan. Ta ce mini da Barbarci, ashe duk shekarun nan kogin gidanmu yana wucewa ta bayan ɗakinmu ba mu sani ba.

A mota muna dawowa, da muka kusa Azare, sai Inna ta juyo ta dube ni. Ta ce ta ga abin da ya sami Mama Iyabo, ita ba ta son ta ƙare kwanakinta tana jiran mota. Ta ce garinmu ko an koma, waɗanda suka sa ya zama gari ba su nan, kuma ƙafarta ba za ta kai ta ba. Ta ce tunda ni dillaliya ce, in nema mata wuri a Katagum, a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, amma inda in ta fito ƙofa za ta hango ruwa. Wannan ne karo na farko da ta kira sana'ata da sunanta. Na yi murna, amma kuma na gane da hannuna zan nema mata wurin da zai ɗauke ta daga gidana. Tun ranar da muka fito daga gida ban taɓa kwana babu Inna a kusa ba. Na ce mata to Baba fa, da yake kwance a Azare. Ta ce Baba mutumin kogi ne, da yana da rai shi zai riga ta zuwa, addu'a kuma ba ta san nisa ba.

Na koma Katagum na yi aikin kamar yadda zan yi wa baƙo, har ma fiye. A cikin filayen matan nan akwai ɗaya a kan jigawa, bayan gidan su Gumsu kaɗan. Na tambayi dagaci, na tambayi tsofaffin unguwar, kowa ya shaida ko shekarar da ruwa ya yi ɓarna sosai bai hau wurin ba. Magadan duk sun yarda, har wadda take aure a Jama'are na je na same ta na ji daga bakinta. Filin ba babba ba ne, zai ɗauki ɗaki biyu da zaure da ɗan wurin shuka. La'adar gidan Mama Iyabo da abin da Babagana da mijin Gumsu suka sa sun isa, don haka kada ka ɗauka wani abu nake nema a hannunka. Na kai Inna ta gani, ta tsaya a tsakiya ta juya gabas, ta ce ya yi.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Inna ta ce ba za a shafa fatihar cinikin ba sai ka zo ka tsaya a kan filin da ƙafarka. Ta ce Baba ba ya nan, kai ne babba, ba za ta kafa gida ɗanta namiji bai ga wurin ba. Na yi mata bayani cewa ana iya gamawa ka zo daga baya, ta ce ita ba ta san wannan ba. Matan sun yi mana kara, sun ce za su jira har zuwa azumi, bayan nan kuwa ba zan iya riƙe su ba, su ma suna da buƙatunsu. Yaya, na san abin da yake ranka. Ka taɓa gaya mini cewa ba za ka tako ƙasar nan ba sai in gida za ka, kuma na san rashin samun jana'izar Baba yana ci maka rai har yau, kana ganin kamar ba ka da fuskar da za ka dube mu. Wallahi ba wanda ya taɓa riƙe ka da wannan. Hanya ce ta rufe, kowa ya sani. Kada kuma ka tsaya sai ka tara abin tsaraba. Inna ba ta taɓa ɗaukar Hanan ba, hotonta kawai take kangawa kusa da idonta mai lafiya tana tambayata ko tana da wushirya irin taka. Shi ma idon nan kullum raguwa yake. Ina so ta gan ka da shi, ba ta shafa fuskarka da hannu ba. Ni ma ina kewarka, Yaya. Na samar wa mutane da yawa wurin zama a garin nan, ina ganin 'yan'uwa suna taruwa suna sauke kaya suna gardamar wa zai ɗauki wane ɗaki, in karɓi godiyarsu in tafi ina tunanin yaushe za a yi wannan gardamar da mu. Zumunta a ƙafa take. Ka zo ko na mako ɗaya ne. In ka iso tashar Azare ka ce a kai ka shagon Alhaji Gali, kowane ɗan acaɓa ya san shi, a nan za ka same ni.

Ka gaishe mini da Yaya Dijatu da kyau, ka ce mata turaren da ke cikin ƙullin da na haɗo da takardar nan nata ne, Inna ce ta haɗa. Ka shafa mini kan Hanan, ka gaya mata tana da yayye biyu a nan da suke rigima kan wadda za ta kwana kusa da ita. Babagana yana gaishe ka, Gumsu da mijinta suna gaishe ka, Radiyya da Khadijatul Kubra suna gaida Kawu. Alhaji Gali ma ya ce a gaishe ka ko da bai san ka ba. Na karanta wa Inna takardar nan kafin in rufe, na tambaye ta ko tana da abin ƙarawa. Ta ce in rubuta cewa zauren da za a gina naka ne, kuma ba za ta bari a aza masa ko tubali ɗaya ba sai ka nuna inda ƙofarsa za ta duba.

Allah ya kawo ku lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai begen ganinka,
Ya Fanna.